Fata Na Barin Sheme Ɗanya Ta Dawo Mana Da Tsada: Hanyar Da Matashi Zai Bi Ya Zama Baduku

A wannan makon za mu leƙa kudancin Jihar Katsina, yankin Sheme da kewayensa, mu tattauna a kan dukanci, sana'ar da ta girmi kakannin kakanninmu, amma yau da yawanmu muke wucewa ta gaban rumfarta ko waiwaye ba ma yi.

Sheme gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan titin Funtuwa zuwa Gusau, kuma daga nan ne hanyar Ƙanƙara ta ɓalle. An san garin da kasuwar dabbobi. To duk inda ake cinikin dabbobi akwai mahauta, inda mahauta suke kuwa ba a rasa fata. Abin tambaya shi ne, ina wannan fatar take tafiya?

Dillalan fatu da ƙiraga ne ke bi suna tattarawa, su barbaɗa gishiri, su loda a mota sai Kano. Can masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai su sarrafa ta, kaso mai yawa kuma a tura shi ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya tun ba a mayar da shi komai ba. Ƙirgin sa shi ma da yawansa tukunya yake faɗawa, a cinye shi a matsayin ganda. Mu kuma da muka yi kiwon, muka yi fiɗar, sai mu shiga kasuwa mu sayo takalmin roba da ba ya kai wata uku. Wanda ya sayar da ɗanyar fata shi ne ya fi kowa samun kaɗan a cikin wannan dogon layi. Ribar tana hannun wanda ya yanka ya ɗinka.

Me ya sa maganar ta shafi matashin wannan yanki?

Babu wanda zai ba ɗan Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara labarin abin da rashin tsaro ya yi wa neman abinci. Gonaki masu nisa sun gagari masu su shekara da shekaru. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da waɗannan ukun. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Ka tuna su wa abin ya fi bugu? Ɗan kamasho a tasha, da mai jan dabbobi a kara, da mai sayar da kati, da mai POS. Duk sana'o'i ne da suke ɗaure da wuri ɗaya ko da sabis.

Kayan aikin baduku kuwa jaka ɗaya ce take ɗauke su: wuƙa, almakashi, basilla, allura, zare da ɗan katakon yanka. Idan zama ya gagara a ƙauye, ya saɓa jakarsa ya koma Funtuwa ko Malumfashi, washegari ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya ya ci gaba da aiki. Jemammiyar fata kuma ba tumatir ba ce, tana iya yin watanni a ajiye ba ta lalace ba. Dukanci ba zai kawo zaman lafiya ba, shi ma yana jin jiki idan kasuwa ta mutu. Amma sana'a ce da ba a iya kore ta kamar garke, ba a kuma iya hana ka girbe ta.

Jar fatar da ta tsallake Sahara

Kafin ka raina sana'ar, ji tarihinta. Tun a ƙarni na 16, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na ƙasar Gobir da ake kai kayansu har Tumbuktu da Gawo. A shekarar 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina da Kano, ya kuma lissafa takalma da jemammun fatu a cikin manyan kayan da Kano ke fitarwa. Ya ce jajayen fatun da ake rinawa da ruwan wani irin karan dawa ana kai su har Tarabulus. Karan dafi ke nan, wanda har gobe ake shuka shi a gefen gonakinmu.

Ayarin raƙuma ne ke tsallaka Sahara da wannan fata zuwa garuruwan Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Da yake daga hannun 'yan kasuwar can Turawa suke karɓarta, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali da yawanta daga jikin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta fito. Fatar wannan akuya tana da ƙarfi da laushi da kyan ido, shi ya sa masu yi wa littattafai bango a Ingila suke nemanta har yanzu. Jamhuriyar Nijar ma tun a shekarun 1960 ta buɗe cibiya a Maraɗi don kula da irin wannan akuya. Wato dai tun wancan zamani aikin namu ne, sunan na wasu. Idan ba mu tashi ba, haka za a ci gaba.

Majemi daban, baduku daban

Matasa da yawa suna haɗa su, amma sana'o'i biyu ne. Majemi shi ke karɓar ɗanyar fata ya mayar da ita abin da ba ya ruɓewa. Baduku shi ke sayen jemammiya ya yanka ya ɗinka. Ko da dukancin kaɗai za ka yi, wajibi ne ka san yadda ake jima, domin wanda bai san fata ba kullum shi ake cuta a wajen saye.

Ga yadda jimar gargajiya take a taƙaice. Ana jiƙa fata a ruwa ta saki, sannan a tsoma ta a ruwan toka har gashin ya yi laushi, a kankare shi, a kuma kankare ragowar nama da kitse ta ciki. Daga nan a jiƙa ta a ruwan kashin tattabaru ko na kaji, wasu kuma su yi amfani da ganyen fatakka, don ta ƙara laushi. Bayan an wanke ta tas sai a zo kan uwa-uba, wato bagaruwa. Ana daka 'ya'yanta a turmi a jiƙa, a tsoma fatar a riƙa murzawa ana sabunta ruwan na tsawon kwanaki, har sinadarin da ke cikin bagaruwar ya ratsa ta ciki da waje. Sai a shafe ta da man gyaɗa, a shanya a inuwa, a yi ta ja ana miƙarwa har ta yi taushi.

Rini ma daga gida yake. Ja daga karan dafi da ɗan kanwa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera ko guntayen ƙarfe da aka jiƙa a ruwa mai tsami. Da kuloko ya taɓa fatar bagaruwa nan take take yin baƙi, saboda haɗuwar ƙarfen da sinadarin bagaruwar. Wanda yake son ganin wannan aiki da idonsa, ya je Majema a birnin Kano, wajen Ƙofar Wambai, ya ga ramukan jima da mutanen da suka gaji aikin iyaye da kakanni.

Abin da duniya ke nema yanzu, muna da shi a bayan gida

Mafi yawan fatar da ake amfani da ita a duniya yau da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, hanyar da ta bazu tun ƙarshen ƙarni na 19. Tana da sauri, aikin kwanaki a gama shi a yini guda. Matsalarta ita ce ruwan da ake zubarwa. Idan ba a tace shi ba yana gurɓata rafi da gona, kuma mazauna bakin kogin Challawa sun daɗe suna kokawa a kan haka.

Sai kuma fatar bogi, wadda roba ce aka shafa a kan ƙyalle. Ka san kalmar leda da muke faɗa kullum daga sunan fata na Turanci aka aro ta? Sunan ya zo, fatar ba ta zo ba. Jakar leda tana fara ɓarewa cikin 'yan watanni, idan aka yar da ita kuma ta yi shekaru a bola ko a kwata ba ta narke ba.

Wannan ne ya sa masu saye a Turai da Amurka, har da Legas da Abuja, suka fara tambayar yadda aka yi kaya kafin su biya. Suna neman fatar da aka jeme da itatuwa, aka ɗinka da hannu, wadda za ta daɗe, idan ta tsinke a gyara ta. To ai siffar aikin dukawanmu ke nan. Dabbar don nama aka yanka ta, fatar rara ce. Bagaruwa 'ya'yanta ake tsinka ba a sare uwar ba. Takalmin fata na ƙwarai kuwa ana canja masa ƙasa sau biyu sau uku yana nan.

Sai dai a nan akwai amana. Yau dukawa da yawa fatar kamfani suke saye da rinin kanti, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ce wa mai saye ta bagaruwa ce alhali ba ita ba ce. Gane su ba wuya. Yanki ɗan gefen fatar ka duba cikinta: ta kuromiyam za ka ga shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, ta bagaruwa kuma ruwan ƙasa. Leda kuwa da ka kusanta ta da wuta sai ta narke tana warin roba. Haka kuma wanda zai yi jima ya san inda zai zubar da ruwansa, nesa da rijiya da gidajen mutane. Sannan mu tuna, bishiyar bagaruwar da muke sarewa mu yi gawayi ita ce jarin wannan sana'a.

Ta ina za ka fara?

Na farko, nemi maigida. Ba a koyon dukanci a waya kaɗai. Bidiyon YouTube zai nuna maka salo, amma ba zai riƙe hannunka ya gyara maka yadda kake kama wuƙa ba. Fara da badukun da ke kasuwar garinku, ko da gyaran takalma da ɗinkin kube kawai yake yi. Ka je da babbanka ya gabatar da kai, a yi magana a fili kan tsawon lokacin koyo da abin da za a riƙa ba ka. Watannin farko shara ce da aike da wasa wuƙa da shafa gam. Kada ka ce an mayar da kai bawa, a nan ne idonka ke koyon abin da baki ba ya iya faɗa.

Na biyu, koyi karanta fata. Bayan dabba ya fi ƙarfi, ciki ya fi miƙewa, wuya ya fi kauri. Wanda ya yanko igiyar jaka daga fatar ciki, cikin sati biyu za a dawo masa da ita ta saki. Ka riƙa ɗaga fata a rana kafin ka biya, ka ga hudar wuƙa da tabon kaska da na ƙarfen shaida. Ka yanka samfurinka a kwali tukuna, ka jera a kan fatar ka ga yadda za ka ci moriyarta kafin wuƙa ta sauka, domin abin da aka yanka ba ya komawa.

Na uku, fara da ƙananan kaya. Maƙalin makulli, gidan waya, alabe, bel, kuben wuƙa. Daga nan ka hau zuwa gafaka da takalmi da jakar mata da tumtum. Kayan doki kuwa, irin su linzami da adon sirdi, sai hannu ya nuna. Kada ka raina gyara. Ɗinkin tsinkakken takalmin ɗan makaranta shi ne kuɗin farko da yawancin dukawa suka fara riƙewa, kuma shi ke koya maka inda takalmi yake fara mutuwa. Guntayen fata ma kada ka zubar, su ne maƙalan makullinka na gobe.

Na huɗu, idan kana da takardar sakandare, ƙara da ilimin zamani. A Samarun Zariya akwai Cibiyar Fasahar Fata da Kimiyya ta Najeriya, wato NILEST, wadda asalinta ya faro tun 1964. Tana ba da difloma da gajerun kwasa-kwasai a kan jima da haɗa takalma da sauran kayan fata, kuma daga Funtuwa tafiyar ba ta da nisa. A Katsina akwai cibiyar koya wa matasa sana'o'in hannu ta gwamnatin jiha, ga kuma hukumar KASEDA da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa don ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Ka je da ƙafarka ka tambaya, kada ka jira wani ɗan siyasa ya kawo maka fom har gida.

'Yan'uwa mata, wannan magana har da ku. A wajen Buzayen Agadas, yawancin aikin fata mata ne suke yin sa. Yankan alabe da ɗinkin jaka da adon zare duk ana yin su a tsakar gida, ba sai an kafa rumfa a kasuwa ba.

Inda ake faɗuwa

Abin da ya fi kayar da kayanmu a gaban na waje shi ne ƙarasawa. Sau da yawa fatar ta fi tasu kyau, amma ɗinkin ya karkace, gam ya leƙo, zif ya mutu a sati ɗaya, ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo. Sai wari, wanda alama ce ta fatar da ba ta jemu sosai ba. Sai zubar rini. Ka ɗauka alhaji ya rataya jakarka a kan farar shadda ranar Juma'a ta bar masa jan tabo. Ka yi asararsa, ka yi asarar duk wanda zai ba labari. Kafin kaya su bar hannunka, goga su da jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka gani. Da damina kuma ka ajiye fata inda iska ke shiga, saboda fumfuna.

Sai lissafi. Ka sayi littafi ka rubuta kuɗin fata da zare da gam da ƙarfuna da kuɗin mota, sannan ka sa wa lokacinka kuɗi. Da yawa suna mantawa da wannan na ƙarshen, su yi kwana uku a kan jaka su sayar da ita kuɗin kayan da suka saya kawai. Bashin 'yan'uwa da abokai ma ya rufe rumfuna da yawa. Duk wanda ya ba ka aiki na musamman, ya ajiye wani abu tukuna.

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, wato lalacewar fata tun daga mahauta. Wuƙar da ta huda fata wajen fiɗa, da shanya a kan ƙasa cikin zafin rana, da jinkirin sa gishiri, duk suna zubar da darajarta. Wannan ya fi fitowa fili lokacin Babbar Sallah, sa'ar da kowa ke zama mahaucin kansa. Ƙungiyoyin addini irin su Izala da suke tattara fatun layya duk shekara sun nuna cewa akwai dukiya a abin da wasu ke yarwa. Matashin da ya ƙulla da mahauta biyu ko uku a Sheme, ya ce zai ƙara musu wani abu a kan duk fatar da ba huda, ya riga ya fara gyara sana'ar daga tushe.

Su wa za su saya?

Fara da na kusa. Almajirai da malamai suna buƙatar gafaka, mahauta da manoma suna buƙatar kube, iyayen amare suna neman tumtum, masu dawaki suna neman kaya duk lokacin hawan Sallah a Katsina da Daura. Bayan haka wayarka ita ce rumfarka ta biyu. Ɗauki hoto da hasken safe a kan farin ƙyalle, ka sa a WhatsApp da Facebook da TikTok, ka nuna hannunka yana aiki, ka faɗi irin fatar da garin da aka yi kayan. Ka buga sunanka ko tambarinka a jikin duk abin da ka ɗinka, kada a maimaita mana labarin fatar Maroko.

Idan hannu ya faɗa, akwai kasuwar baje koli ta Kaduna da ake ci duk shekara, akwai kuma bikin baje kolin kayan fata na Legas da Femi Olayebi ta fara a 2017, inda masu ɗinki da masu jima da manyan masu saye suke haɗuwa. Gwamnatin Tarayya ma a 2021 ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa a kan fata da kayan fata. Amma takarda a Abuja ba ta ɗinka takalmi. Ku haɗu ku biyar ko goma ku yi adashi, ku riƙa aika mutum ɗaya Kano ya sayo muku fata a sari, ku yi rajistar ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar "ba gadonmu ba ne"

Na san abin da wani zai ce: mu gidanmu ba dukawa ba ne. Gaskiya ne a da sana'ar gado ce, har unguwa guda ake ware mata, kamar Dukawa a birnin Kano, kuma akwai masu yi wa majemi kallon raini saboda warin aikinsa. Amma wa ya gaji acaba? Wa ya gaji cajin waya? Duk mun koye su ne da rana tsaka saboda neman halal. Matasan Aba da suke cika kasuwar Ariaria da takalma, har muke saye a nan Arewa, ba su tsaya tambayar gado ba.

Tsofaffin dukawa da majema suna ta raguwa, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu hanyoyin. Duk wanda ya rasu a cikinsu bai koyar ba, ya tafi da ma'aunin bagaruwarsa da sirrin rininsa. Saboda haka ɗan'uwa, ranar kasuwa mai zuwa ka nemi rumfar baduku, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba koyo na zo. Ka ba abin shekara biyu da zuciya ɗaya, sannan ka auna inda kake da inda abokan zaman majalisarka suke.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankunanmu, Ya sa albarka a abin da hannayenmu suke yi.